Agogon Manaja

Ku da kuke bin labarin nan tun farko, da ku da kuka faɗo cikinsa yau, bari in fara da abin da ban so faɗa ba: laifina ne. Sauran duk bayani ne kawai.

Ni ba injiniya ba ne. A aji huɗu na sakandare na ajiye biro, ba don wani babban dalili ba, zaman benci ne ba na iyawa. Na yi gyaran waya, na yi shagon buga takardu, na yi wata biyu a gareji na gudu. Kwamfuta ce kaɗai ta iya zaunar da ni wuri ɗaya, ita ma don kullum da sabuwar rigimar da take zuwa da ita. Yanzu ina aiki a wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa. Ni ke kula da saba, wato kwamfutar da shafinmu na intanet yake zaune a cikinta. Likitoci daga asibitoci daban-daban suna shiga shafin su ga sakamakon marasa lafiyarsu, ba sai an aiko mutum ya karɓi takarda ba. Wata uku aka ba ni na gwaji. Ranar Juma'ar da ta wuce suka cika, kuma ranar ce Manaja ya ce zai sa hannu a takardar ɗaukata aiki.

Ba don kaina na damu da takardar ba. Saboda Mai Gilashi ne.

Ita ke zama a teburin karɓar baƙi. Haka kowa yake kiranta a wurin, har Manaja, saboda wani faffaɗan gilashi mai baƙin baki da take turawa sama da ɗan yatsa duk lokacin da za ta faɗi maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Ita ta laƙaba mini Injiniya, da tsokana, sunan ya bi ni. Mahaifinta tsohon hedimasta ne. Da ta kai masa maganata, tambaya ɗaya ya yi: wace takarda gare shi? Ta ce babu. Ya ce to, wanda bai riƙe makaranta ba, ya nuna masa cewa ya riƙe wani abu. In zo ranar Asabar ƙarfe goma na safe da takardar aiki a hannuna, sai a yi magana.

A gidanmu kuwa, a bangon falo akwai ƙusa huɗu. Uku suna ɗauke da satifiket ɗin yayyena, kowanne cikin firem. Ta huɗu shekara takwas ke nan kalanda take ratayawa. Ranar Talata Umma ta dawo daga kasuwa da sabon firem, ta goge shi da gefen zaninta, ta jingine bayan talabijin.

"Umma, ai ba a sa hannu ba tukuna."

"To ni na ce an sa? Firem na saya, ba kai na saya wa ba."

Yaya da ta zo wuni ta ce, "Auta, in ka sake gudu a wannan karon, hotonka za mu sa a ciki mu rubuta ana nema."

Kafin in ci gaba sai kun san abu ɗaya game da wurin aikinmu. Manaja ya tsani latti kamar ciwon haƙori. Saboda haka duk agogon da ke bangon ginin, daga na gaban tebur har na ɗakin da ake ɗibar jini, ya sa an tura shi gaba da minti goma sha biyar. Kowa ya sani, ba ɓoyewa aka yi ba. Muna da lokaci biyu: agogon Manaja da agogon duniya. In aka ce taro ƙarfe tara, sai wani ya tambaya, na wa? Ni har agogon hannuna na mayar na Manaja tun makon farko, don neman gindin zama.

Yana da wata doka kuma: duk wanda ya rufe ofis da yamma sai ya bi soket ɗaya bayan ɗaya ya kashe. Banda guda, wanda yake ba ɗakin saba wuta. Shi na manna masa jan salatif don a gane shi. Salatif ɗin ya daɗe yana ɗagowa, kullum in na wuce sai in danna shi da babban yatsa in ce gobe zan canza.

Ranar Laraba mai rufewa ba ta zo ba, aka bar wa Mai Gilashi makulli. Salatif ya riga ya faɗi. Ta kashe duka.

Alhamis ƙarfe bakwai na shiga ɗakin saba na tarar da shiru. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tsohon sito, ba taga, fanka ɗaya, kujera mai ƙafa uku da rabi. Wanda ya saba da ƙugin injin, shirun nan ya fi ihu. Na kunna. Ya tashi lafiya, sai dai ɗan batirin da ke riƙe masa lokaci ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun da ina firamare. Ƙaramin abu. Na buga kwanan wata, na ɗaga kai na dubi agogon saman ƙofa, na buga lokaci. Na buɗe shafi, ya buɗe. Na shiga, ya shigu. Na kulle ɗakin na je na haɗa shayi.

Ƙarfe takwas da rabi wayar gaban tebur ta fara ƙara, ba ta sake yin shiru ba.

Mu da ke cikin ginin kalmar sirri kawai muke sawa. Likitocin waje kuwa, bayan kalmar sirri sai sun ƙara wata lamba guda shida da ke fitowa a wayarsu, tana canzawa duk bayan daƙiƙa talatin. Ita ce ta ƙi. Duk wanda ya sa, sai shafi ya ce lamba ba daidai ba ce. Likita arba'in da ɗaya, ba wanda ya shiga.

Manaja ya sauko da kansa, cikin rigar nan tasa mai ruwan toka da biro uku a aljihu.

"Injiniya, me ya faru?"

"An kashe saba jiya, ranka ya daɗe. Ina dubawa."

"An kashe. Wa ya kashe?"

Ba sai na amsa ba. Mai Gilashi ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta ce, "Ni ce na rufe jiya."

Ya dube ta tsawon lokacin da mutum zai karanta shafi guda, ya koma sama.

Ranar nan ba abin da ban taɓa ba. Na buɗe fayil ɗin saitin shafin na bi shi layi-layi, na gwada shi da tsohon kwafin da na ajiye, ko waƙafi bai canza ba. Na duba ko ma'ajiyar sunayen likitoci ta lalace da wuta ta yanke, lafiyarta ƙalau. Na duba izinin fayiloli. Na sake kunna injin sau huɗu. Na buɗe rajistar da saba yake rubuta duk abin da ya faru a cikinta, layi ɗaya yake ta maimaitawa kamar mai taurin kai: lamba ba daidai ba, lamba ba daidai ba. Har sabon asusu na buɗe na gwaji, na karɓi wayar Mai Gilashi na sa mata shi, na ce ta kashe intanet ɗin ofis ta shiga da nata kamar likitan waje. Sabo fil, shi ma ya ƙi.

"Bar shi a wayarki," na ce. "Ki riƙa gwadawa jefi-jefi."

A waje kuwa falo ya cika. Mutanen da likitocinsu suka turo karɓar sakamako a hannu sun zauna har kan matakala. Akwai wani dattijo da ya zo karɓar na matarsa, an ce ba za a shiga da ita tiyata ba sai likita ya gani. Sau uku yana miƙewa yana tambaya cikin ladabi, sau uku Mai Gilashi tana ba shi haƙuri. Ta buga takarda ta fi ɗari a ranar, ta sha zagi a waya iri-iri. Wata likita ta ce mata in ba ta iya aiki ba ta koma gida ta yi wanke-wanke. Na ji ta ce, "To, Dakta. Na gode, Dakta."

Da aka tashi ta turo mini saƙo.

"Na ɓata maka aiki ana gobe za a sa maka hannu. Ka yafe ni."

Na rubuta, "Ba komai, zan gyara."

Har da ɗan hoton nan mai murmushi na ƙara. Ina gaya muku ne don ku san irin mutumin da kuke karantawa. A lokacin na yarda laifinta ne, kuma na ji daɗin yafewa.

Juma'a na iso kafin mai shara. Hanyoyina duk sun ƙare, na koma maimaita na jiya. Ƙarfe goma wani daga ɗakin gwaji ya leƙo ya ce Manaja ya sa an buga takarda biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta sallama. Bai faɗi ta wa ba. Ya dubi wajen gaban tebur, ya ja ƙofa.

Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintoci wayata ta yi ƙara. Ita ce.

"Ya ce in same shi a ofis sha biyu."

Kafin in amsa wani saƙon nata ya shigo.

"Ban ma tambaya ba, na Manaja ko na duniya. So nake in san minti nawa ya rage mini a aiki."

Na yi ɗan murmushi. Sai murmushin ya tsaya a inda yake. Saman wayata ya ce sha ɗaya da minti huɗu. Layin ƙarshe a rajistar saba, wanda ya faɗo a gabana yanzun nan, ya ce sha ɗaya da minti goma sha tara. Kwana ɗaya da rabi ina kallon lambobin nan biyu, ban ga komai ba, don idona ya saba. A ginin nan kowane lokaci yana da na biyunsa.

Ga yadda lambar nan shida take aiki, a taƙaice. Ba aiko ta ake yi ba. Wayar likita tana duba agogonta ta haɗa lamba, saba ya duba nasa ya haɗa lamba, in sun zo ɗaya a buɗe ƙofa. Wayoyin likitoci suna kan agogon duniya. Ni kuma ranar Alhamis da safe na ɗora saba a kan agogon Manaja. Da ma yana iya tambayar lokaci da kansa a intanet ya gyara, amma wannan hanyar ni na toshe ta a watan farko, ranar da na kalli wani bidiyo kan tsaro na bi duk ƙofar da ban gane ba na rufe.

Layi ɗaya na buga. Sha ɗaya da minti biyar. Ban gama sauke hannu ba na ga sunan wani likita ya shiga, sai wani, sai wani.

Kashe soket bai lalata komai ba. Da na dubi wayata maimakon bango, da ƙarfe bakwai da minti biyar na Alhamis magana ta ƙare, ba wanda zai ma san an kashe.

Sha biyun Manaja ita ce sha biyu saura kwata ta duniya. Minti arba'in ke nan a hannuna.

Kun san me na yi da su? Na zauna. Na lissafa cewa ba wanda ya iya karanta rajistar nan a ginin sai ni. In na ce yankewar wuta ce ta rikita injin, na sha wahala na gyara, ban yi ƙarya ba ƙwarai. Za a sa mini hannu. Ita kuma tana da difloma, tana da fara'a, wata guda ya ishe ta ta sami wani wurin. Har na ce wa kaina ai don ita nake yi: in na rasa takarda, mu biyu muka rasa. Na tashi na fita baranda, na jona butar lantarki, na haɗa shayi, na shanye a tsaye. Daga nan ina hango bayan mayafinta mai ruwan ƙasa. Wayar tebur ta yi shiru, tana ta jera biro da sitefula a cikin aljihun tebur, irin jerawar wanda zai miƙa wa wani. Na wanke kofin. Na koma ɗaki. Na sake fitowa.

Ba zan ce muku zuciyata ce ta narke ba. Na ji ƙarar takalminta a matakala, sai kawai na ga ƙafata ta bi.

Na tarar tana tsaye gaban teburinsa, hannu a baya. Takarda biyu a ajiye, ya cire hular biro.

"Yauwa, Injiniya. Yanzu aka kira ni, an ce ya dawo. Sannu da ƙoƙari. Mene ne ya lalace?"

"Da aka kashe soket..." na fara. Ta sunkuyar da kai. "Da aka kashe soket ba abin da ya lalace, ranka ya daɗe. Ni na saita lokaci ba daidai ba."

"Kamar yaya ba daidai ba?"

Na yi masa bayanin, da batir, da salatif, da hanyar da na toshe. Na ce agogon bango na kalla. Ya juya a hankali ya dubi nasa da ke bayan kujera, babba mai bakin zinare.

"Wato agogona ne ya hana likitoci aiki."

"A'a, ranka ya daɗe. Agogonka na ma'aikata ne. Ni na ba injin abin da ba nasa ba."

"Kwana biyu. Dattijo yana zaune a matakalata matarsa tana jiran wuƙa, saboda ba ka iya duba waya ba."

"Haka ne."

Ya mayar wa biro hularsa. Ya ɗauki takarda ɗaya ya ninke ta huɗu ya jefa a kwando. "Ke, koma bakin aikinki. Gobe in kin ga soket ba ki sani ba, ki tambaya." Ya ɗauki ɗayar, na hango sunana a sama da manyan haruffa, ya ja aljihun tebur ya saka, ya murɗa makulli. "Kai kuma wata uku. Daga farko. Ka sayo salatif."

Da muka tashi, a bakin titi, wurin da take jiran mota, na tsaya gefenta. Rana ta yi sanyi, masu shaguna suna ta shigar da kaya. Na ɗauka godiya za ta yi, har na shirya abin da zan ce, wai ba komai.

Ta tura gilashi sama.

"Sha ɗaya da minti shida na shiga."

"Ina?"

"Asusun gwajin da ka sa mini. Ka ce in riƙa gwadawa, ina ta gwadawa. Sha ɗaya da minti shida ya buɗe. Na ce yanzu Injiniya zai fito da gudu ya gaya mini. Na zauna ina kallon ƙofarka."

Na ce, "Ina tabbatarwa ne ko ya zauna."

"Da kofi a hannu?"

Mota ta zo ta wuce, ba ta tsayar ba.

"Minti arba'in, Injiniya. Na ƙirga su ɗaya-ɗaya, da na Manaja da na duniya, duk arba'in ne. Ban san me ka gano ba a lokacin, amma na san ka gano wani abu, kuma na san kana auna ni da takarda."

"Ai na zo."

"Ka zo." Ta gyara jakarta. "Shi ya sa nake maka magana."

"To gobe fa? In kira Baba in ce a ɗaga?"

"Baba ba ya ɗaga lokaci. Goma ya ce." Ta ɗaga wa wata motar hannu. "Abu biyu zai duba, takarda da fuskata. Takarda ba ka da ita. Fuskar kuma ban gama shawara ba."

A gida Umma ta dubi hannuna tun daga ƙofa. Na gaya mata duka, har shayin. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko firem ɗin daga bayan talabijin, ta naɗe shi a tsohuwar jarida, ta ɗora saman kwaba.

"Ba ya ruɓewa," ta ce. "Ka goge rigarka ko in goge?"

Asabar na sa farar rigar da Yaya ta ɗinka mini, wadda wuyanta yake cizo. Na bi kwatancen da aka ba ni: bayan makarantar firamare, gida na uku, koren ƙyaure, da bishiyar lemo ta leƙo ta saman katanga. Na tsaya a bakin ƙofa na dubi hannuna, goma daidai. Sai na tuna agogon wa nake ɗaure da shi. Saura kwata.

Na ja gefe zan jira a inuwa. A raina na fara tsara yadda zan jera maganar, inda zan fara, abin da zan bari sai an tambaya. Wayata ta motsa.

"Na hango ka ta taga. Saura minti goma sha biyar. Shayi za ka nema?"

Na mayar da wayar aljihu. Na ƙwanƙwasa.

Shi da kansa ya buɗe. Dogo ne, siriri, da jarida a hammata. Ya dubi agogonsa tukuna, sannan ya dubi fuskata, sannan hannayena biyu da ba komai a cikinsu.

"Kai ne Injiniyan? Ka yi sammako. Ina takardar?"

Labulen taga ya motsa a bayansa.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Babu, Baba. Kuma ni ba injiniya ba ne. In ka ba ni minti arba'in, zan gaya maka abin da na yi da wasu irinsu jiya."

Ya sake duban agogon. Ya matsa gefe kaɗan, daidai faɗin mutum ɗaya.